Abin da Iya Take Yi a Cikin Rumbu

Bana da na je gida na nemi inda zan zauna in yi shiru, ban samu ba. An rushe tsohuwar majami'armu ta ƙasa, an gina wata mai rufin kwano da tagogin gilashi, an ɗaura mata lasifika a kowace fuska. Masallacin ƙauyen da ke ƙetaren rafi shi ma ya ɗaura tasa. Tun asuba ake kiran Allah daga kowace kusurwa, da ƙarfi, kamar ana kiran wanda ya yi nisa. Na zaga bayan gidaje ina neman rumbu ko guda, babu. Yanzu a buhu ake zuba hatsi, a barbaɗa masa magani, a kulle a ɗaki da kwaɗo. Na daɗe a tsaye a bayan gidanmu, har wata jikar ƙanena ta zo ta tambaye ni ko wani abu na yar.

A zamanin ƙuruciyata kowane sauti yana da lokacinsa, kuma yana jiran ɗan'uwansa ya gama. Zakara ne farko, sai kiran salla daga ƙetare, siririyar muryar mutum ɗaya da iska ke kawowa tana mayarwa. Sai guga ya faɗa rijiya. Sai turmi. Gidanmu ya fara, na bayan danga ya amsa, har daka ta zagaye unguwa kamar ana gaisawa. Da kunne kaɗai mutum zai san ko surfen gero ake yi ko ɓarzar dawa, ko kuwa wata amarya ce ke fama da taɓaryar da ta fi ƙarfinta. Ranar Lahadi a buga tsohon ƙarfen ƙafar mota da aka rataye a reshen darbejiya, shi ne ƙararrawarmu. In duk an gama, shiru ya dawo ya zauna kamar shi ne mai gidan. Ni kuwa yarinya ce mai son shiru. A aike ni ɗebo ruwa, in tsaya kallon gajimare a cikin tulu har a biyo sawuna. Mahaifiyata takan ce an haife ni rabin hankalina yana wani gari.

Ƙasarmu ba ta da daji. Inda gonar wani ta ƙare nan ta wani ta fara, iyakar ba ta wuce layin lalle ko na gamba ba. In ka yi tari a gonarka, daga gonar maƙwabci za a yi maka sannu. Mu 'yan gidaje ne kaɗan na masu bin Almasihu, jikokin Maguzawa, a tsakiyar ƙauyukan Musulmi. Kasuwar Tsanyawa muke ci tare, suna zuwa mana gaisuwar mutuwa, muna zuwa musu suna. Amma akwai wata magana da ba ta taɓa barin bayanmu ba. In yara suka yi faɗa a hanyar kasuwa sai ka ji an ce, “Ku da har yanzu tsafinku na ƙarƙashin gado.” Manyanmu sun fi jin zafin wannan fiye da zagin uwa. Shi ya sa duk wanda ya tuba ya shigo cikinmu sai ya kawo kayan gadonsa, ƙahonni da guraye da ƙwaryar iskoki, a tara a ƙofar majami'a a cinna musu wuta, kowa na gani, na ƙetare ma suna hango hayaƙin. Daga ranar an wanke shi, ba mai sake ɗaga masa yatsa.

Iya kakata ce, mahaifiyar Baba. Tana cikin na farko da suka karɓi hanyar Almasihu, tun ba a aza tubalin majami'a ba. Ba daga bakin Bature ta ji ba, ba kuma daga littafi ba, don har ta mutu ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Wani tsohon kuturu ne da ya dawo daga asibitin kutare yake zama a gindin tsamiya yana tufka igiya da dungulminsa, yana ba mata labarin Isa in sun dawo daga gayauna. Iya ba ta taɓa cewa Yesu ba, Isa take cewa, kamar yadda tsohon yake faɗa. Abin da ta riƙe daga bakinsa kaɗan ne, amma ta riƙe shi kamar iri. Wai Isa ya taɓa kuturu da hannunsa bai je ya wanke ba. Wai ya ce gonar Allah a ƙirjin mutum take, ba a gabas ko yamma ba. Wai kuma ya ce wanda zai yi magana da Allah ya nemi inda ido ba ya kai wa. Takan ƙara da nata, ta ce, “Isa bai gina ko bukka ba. Mutane ya gina.” Ta ƙona kayan gadonta da hannunta tun kafin a haifi Baba, a bayan gida, ba taro ba waƙa, don a lokacin ba wanda zai taru.

To a ƙasar da ba daji, ina ne ido ba ya kai wa? Iya ta samo amsarta a cikin dawa. In damina ta yi nisa, dawa ta fi tsayin mahayin raƙumi, sai ta ɗauki fartanya ta shige tsakiyar gayaunarta ta ɓace. Kowa ya ɗauka ciyawa take cirewa. Da rani kuma ta shiga cikin bukkar karan da aka jingine a gona. Shekara da shekaru tana haka, ba wanda ya sani, don ba wanda ya gani. Ranar Lahadi kuwa tana zuwa majami'a kamar kowa. Tana son waƙar matan zumunta, wato ƙungiyar matan majami'a, musamman in sun sa tulu a cinya suna bugun bakinsa da tafi, takan lumshe ido tana kaɗa kai.

Sai aka aiko mana da sabon mai bishara, saurayi daga makarantar Littafi Mai Tsarki, muna ce masa Malam. Ba zan zalunce shi ba, mutumin kirki ne. Shi ya matsa wa Baba har aka kai ni makarantar kwana, shi yake wanke wa yara gyambo da ruwan gishiri. Kwat ɗaya gare shi, yana goge ta da dutsen guga na gawayi duk Asabar. Amma shi mutum ne mai son komai ya tsaya a layi. Ya kafa ajin tambaya da amsa, har tsofaffi sai sun zauna a benci sun haddace. Ran nan ya tambayi Iya, “Iya, mene ne ikilisiya?” Ta ce, “Ɗakin nan da kuka hana awaki shiga.” Aka yi dariya, shi ma ya murmusa, amma na ga ya daɗe yana kallonta. Tun daga ranar nake jin ya ajiye ta a wani lungu na zuciyarsa, inda ake ajiye abin da ba a gama ganewa ba.

Daga nan shekarun wuya suka shigo. Ruwa ya yi sauka ɗaya aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake, ya sake ɗaukewa. Dawa ta tsaya a gwiwa ta yi fari, gero ya fitar da kai kamar yatsan jariri. Shekara ta juyo aka ce bana za a huta, ita ma ta bi sawun 'yar'uwarta. Kara ma bai samu ba, ɗan wanda aka tara dabbobi suka cinye kafin su ma a kai su kasuwa. Muka koma kwaɗon tafasa da rama, da dusar da a da sai akuya, da garin rogon da manyan motoci ke kawowa daga kudu. Abin da ya fi ba ni tsoro ba yunwar ba ce, shirun turmi ne. Ba irin shirun da nake so ba. Wanda ya samu ɗan tsaba sai ya naɗe gindin turmi da tsumma ya yi daka a ɗaki, don kada maƙwabci ya ji ya aiko yaro da ƙoƙo. Mutane suka koyi kallon hayaƙin gidan juna. In yaronka bai rame kamar na kowa ba, sai a fara tambayar me yake ci. Mutanen da suka yi gayya tare tun suna samari suka koma gaisawa ido na kan cikin juna.

A wannan shekarar na dawo hutu na tarar Iya ta fara shiga rumbu. A wurinmu mace tana noma gayaunarta, tana da rumbunta, ba mai leƙa mata. Nata na ƙasa ne, a kan duwatsu saboda gara, da hular jinka, da 'yar ƙofa a gefe wadda sai an taka gungume ake kai wa. Ya daɗe da zama wayam. Da hantsi, in an watse neman ganye, sai ta taka gungumen a hankali, ta tura kai, ta ja ƙafafu, ta jawo faifai ta rufe ƙofar. Ba ta fitowa sai inuwa ta dawo gindin bango. Yanzu na gane cewa fari ne ya tona ta. Gonar da take ɓuya ta zama fili, ko zomo ya gilma sai an gan shi, bukkar kara babu, gida kuma cike da ido. Rumbu kaɗai ya rage. Amma a lokacin ban gane ba. Na tare ta tana saukowa, farar ƙura a gashinta.

“Iya, me kike yi a ciki?”

“Ke me kike yi in kin saki baki kina kallon sama, 'yar boko?”

“Ba komai.”

“To shi nake yi. Sai dai ni ba ni kaɗai nake yi ba.”

Ta wuce tana karkaɗe zani. Gaskiya tsigar jikina ta tashi. Ni da na yi karatu, na san sunayen taurari da Turanci, sai ga ni ina zagaye rumbun daga nesa in zan je bayan gida. In ni da nake kwana a ɗakinta na yi zargi, me za a ce da na bayan danga?

Zargin farko na hatsi ne. Aka ce tsohuwa ta ɓoye dami tana shiga tana tauna shi ɗanye, jikokinta na kwana da yunwa. Wata maƙwabciya ta riƙa shigowa aron wuta da tsakar rana, tana magana tana kallon haƙoran Iya, su da ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Da aka ga Iya sai ƙara ramewa take, sai maganar ta juya. Aka tuna cewa mahaifinta shi ne mai yanka wa iskokin gona a zamaninsa. Aka tuna ba wanda ya ga ranar da ta ƙona kayanta. Wani ya ce ya ji gunji daga rumbun, wani ya ce tun da ta fara shiga hadari ke haɗuwa ya watse a daidai kan unguwarmu. A kasuwa wani mahauci ya ce wa Malam, cikin raha, “Malam, an ce tsofaffinku sun koma gidan jiya.” Malam ya dawo ko ruwa bai sha ba.

Akwai wata ƙawar Iya tun ta 'yammatanci, Musulma daga ƙetare, mai sayar da daddawa, muna ce mata Inna. Ta zo ta zauna a bakin ɗaki ta ce, “Ke Bamagujiya, an ce kin buɗe kanti a rumbu. Me ake sayarwa, in kawo ƙoƙona?”

Iya ta ce, “Abin da ake sayarwa ba ya shiga ƙoƙo, mai warin kaya.”

Inna ta yi dariya har da tari, sannan ta rage murya. “Mu a wurinmu in tsoho ya shige ɗaki ya rufe, halwa ake cewa, har a riƙa kai masa sadaka. Amma namiji ne, kuma da carbi a hannu. Ke ba carbi, ba gemu, ga ubanki wanda aka sani. Ki yi hankali da mutanenki, yunwa ta sa kowa neman wanda zai ɗora wa.”

Ba a daɗe ba dattawan ikilisiya suka zo, Malam a gaba. Baba yana cikinsu, don shi ma dattijo ne, shi ya riƙe gungumen da Malam ya taka. Malam ya cire kwat ya ba ni, ya shiga. Muna jin yana shafa bango, yana ƙwanƙwasa ƙasa. Ya fito da yanar gizo a kunne ya ce, “Ba komai a ciki. Ko ƙwayar gero.” Na saki numfashi, na ɗauka magana ta ƙare. Sai wani dattijo mai ido ɗaya ya ce, “Ai wannan shi ne abin tsoron. Da hatsi ne mun gani, da ƙwarya ce mun gani. Mutum ya shiga inda ba komai ya wuni, wa yake zuwa gani?” Wani ya ce ai an ba ta labarin zuwansu, ta kwashe.

Malam ya durƙusa a gaban Iya, da ladabi, ya ce, “Iya, ga ɗakin Allah mun gina da guminmu. Me ya sa sai rumbu?”

“A can ku nake ji, Malam. Kuma ina son jin ku. Amma ba kullum ba.”

“To addu'ar me kike yi? Faɗa mana kalmomin, mu ji ko daidai ne.”

“Da ina da kalmomi, sun ƙare. Zama nake yi.”

“Zama ba addu'a ba ne, Iya.”

“In ka je gaida mahaifiyarka, tun daga shiga har fita surutu kake mata?”

Malam ya ce, “Iya, ki dube ni. In kowa ya shige rumbunsa, wa zai san sunan da kowa ke kira a ciki? Kakanninmu ma a ɓoye suke yi. Garken da ba shinge kura ce makiyayinsa. Ni aka ba amanar garken nan, ni za a tambaya.” Na sha juya wannan magana tasa a raina har na tsufa, kuma ban iya cewa ƙarya ya yi ba. Na ga mutanen da suka ce Allah ya yi musu magana su kaɗai a ɗaki, suka fito suka cinye gonakin marayu. Shinge yana da amfaninsa. Abin da na kasa yarda da shi shi ne yadda shingen ya zama shi ne garken, har aka manta cewa wanda muke bi ɗin shi ma yakan sulale daga taro ya tafi inda ba kowa, almajiransa su yi ta nemansa.

Aka sa Iya a ƙarƙashin horo. Ma'anarsa ita ce ta koma bencin baya, kusa da ƙofa, ba ta cin jibin Ubangiji tare da jama'a, har sai ta fito da abin da take bauta wa an ƙona. Wanda kuma ya mutu a cikin horo, danginsa ne kaɗai za su binne shi, ba wa'azi, ba waƙa, matan zumunta ba za su ɗauko tulunansu ba. Wannan na ƙarshen ne ya hana Baba barci, don ƙafafun Iya sun fara kumbura. Ɗan abin da ake zuba mata a akushi yara take miƙa wa in an juya baya. A shekarun nan ko yaro ya san abin da kumburin ƙafa yake nufi.

Baba ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa, ba ta kallon fuskarsa, magana ma sai ta bi ta kan wani. Wata safiya ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ina tsefe mata kai.

“Iya, ki ba su wani abu. Ko tsohuwar ƙwarya ce. Su ƙona, magana ta mutu.”

Ta ce, “'Yar boko, gaya wa mutumin nan ƙwaryata ba ta yi wa kowa laifi ba.”

“Iya, ba wasa na zo yi ba. So kike in haƙa rami in sa ki kamar baƙuwar da ta faɗi a hanya? Ke da kika riga kowa? Da wane ido zan dubi mutane?”

“Gaya masa ban yi wa Isa ƙarya ina da haƙora ba, ba zan fara da dasashi ba. Abin da babu, babu ne.”

“Waƙar fa? Ke da kike son waƙa?”

Hannuna yana cikin gashinta. Ta ce, “Gaya masa ina so. Amma ba a wannan farashin ba.” Baba ya tashi ya fita, bai ko karkaɗe gwiwarsa ba.

Lahadin da ta biyo, muna isowa muka tarar an tara ƙirare a ƙofar majami'a. Iya tana dafe da kafaɗata, tana jan ƙafa. Bayan wa'azi aka fito waje aka yi da'ira. Malam ya ɗauko wata ƙwarya a naɗe da baƙin tsumma, ya kwance. Tsohuwar ƙwaryar Iya ce mai ɗinki a baki, wadda ta ɓace daga rataya kwanan baya. A ciki akwai gashin kaza, da wuri, da wani ƙullin toka da aka ɗaure da jan zare. Mata suka ja da baya suna salati irin namu. Malam ya ce gidan ne ya kawo, bai faɗi wane ne a gidan ba. Ni dai na san kazarmu ɗaya da ta rage ta wayi gari wutsiyarta a fige, na kuma san jan zaren irin wanda Baba ke ɗaure bakin buhun iri da shi ne. Ban ga kowa ya yi komai ba, har yau ba wanda ya gaya mini. Na dubi Baba, yana tsaye cikin dattawa yana kallon babban yatsan ƙafarsa.

Malam ya ce, “Iya, a gaban Allah da jama'arsa, ke kika ajiye wannan kina yi masa bauta?”

Kowa ya san Iya. Ko a cinikin kuka ba ta taɓa cewa an taya mata abin da ba a taya ba. In ta ce a'a za a yarda ƙwaryar ba aikinta ba ce, tambaya ta gaba kuma ita ce aikin wa. Dattijon ikilisiya ya haɗa tsafi da hannunsa ya yaudari jama'a a ƙofar ɗakin Allah: ba bencin baya kaɗai zai koma ba, sunan zai bi shi kasuwa, ya bi 'ya'yansa gidan aure. Na ji yatsunta sun nutse a kafaɗata. Sai ta ɗaga kai ta dubi Baba, ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ta yi ba tun da na yi wayo. Ba kallon fushi ba ne. Irin kallon da ake yi wa yaron da ya fasa tulu ne, ana duba ko ya yanke.

Ta ce, “Ni ce.”

Aka cinna wuta. Gashin kaza ya yi ƙauri, ƙwaryar ta yi ƙara ta tsage, matan zumunta suka ɗauki waƙa, wasu na kuka don murna. Aka kama hannun Iya aka kai ta bencin gaba, aka ba ta jibi. Malam ya yi addu'a mai tsawo. Ko ya sani? Na sha tambayar kaina. Shi ya shafa bangon rumbun nan da tafinsa, ya san babu ko ramin ɓera. Wataƙila ya gaskata, wataƙila kuma shi ma hayaƙin yake bukata, wanda za a hango daga ƙetare. Da yamma ya zo gaishe ta, kazar ta gilma ta gabansa, na ga ya bi ta da kallo, ya kawar da kai ya tambayi jikin Iya.

Ba ta sake shiga rumbu ba. Ko ƙafa ce ta hana, ko kuwa ta ga ba ta da fuskar da za ta shiga da ita, ban sani ba, ban kuma iya tambaya ba. Takan zauna a bakin ɗaki da hantsi, hannu a cinya, yara na tsalle a kanta, maƙwabta na shigowa yi mata barka da tuba tana amsawa. Inna mai daddawa ta zo sau ɗaya, ta dube ta, ta dubi rumbun, ta ce, “Bamagujiya, ke da tsafi? Ni za a gaya wa?” Iya ta ce, “Sayar da daddawarki.” Suka zauna tare har la'asar.

Iya ta rasu bayan saukar ruwan farko na shekarar da aka samu sauƙi, ƙasa na ƙamshi, mutane na gona da sungumi. Ba a taɓa jana'iza irin tata a unguwarmu ba. Matan zumunta suka zo har daga wajen Shanono da tulunansu, aka yi waƙa tun daga ƙofar gida har bakin kabari. Malam ya yi wa'azi a kan tsohuwar da Shaiɗan ya riƙe har bakin rami, alheri ya ƙwato ta. Da wannan labarin aka san ta, da shi ake ba yara misali har bayan na yi aure na bar garin. Baba ya samu duk abin da ya roƙa. Yana tsaye a kan kabarin, waƙa na tashi ta kowane gefe, leɓensa bai motsa ba.

Bayan an share makoki, wata rana da hantsi, kowa ya tafi noman farko, aka bar ni da girki. Na zaga bayan gida ɗebo itace sai na ga takalman Baba, na tayar mota, a jere a gindin gungumen. An jawo faifai an rufe 'yar ƙofar daga ciki. Na tsaya na kasa kunne. Ba addu'a, ba kuka, ba motsi. Can na ji muryar maƙwabciyarmu a bayan danga tana sallama, wai a ba ta aron wuta. Na sunkuya na kwashe takalman, na tura su ƙarƙashin itacen da na rungumo, sannan na amsa mata.